Yadda Za Ka Sayi Fetur Da Galan Ba Tare Da An Tauye Maka Awo Ba

Tun a shekarun 1970 Najeriya ta koma awo da lita, kuma da lita famfon kowane gidan mai yake ƙirga, amma duk wanda mai ya yanke masa a hanyar Gombe zuwa Dukku ko ta Bauchi zuwa Ningi ya san cewa a bakin titi galan da kwalba ne ke ciniki. Matsalar ita ce galan ba shi da girma guda. Na Ingila, wanda muka gada daga Turawan mulkin mallaka, lita 4.546 ne, na Amurka kuwa lita 3.785, shi ne ma ake awon gangar ɗanyen mai da shi, galan 42 ko kimanin lita 159. Abin da 'yan bumburutu ke kira galan kuwa galibi tsohuwar robar man juye ce, wata mai cin lita 4, wata mai cin lita 5.

Saboda haka kafin ka tambayi kuɗi, fara tambayar girma. Ka ce masa, "Malam, galan ɗin nan na lita nawa ne?" sannan ka duba jikin robar da kanka, domin yawancinsu an rubuta adadin a jiki ko a gindi. Daga nan sai ka raba kuɗin da yawan litar. A ce wani ya yi maka galan mai lita 4 a kan naira 4,400, na kusa da shi kuma ya yi maka mai lita 5 a kan naira 5,000: na farkon ya fi daɗin ji a kunne, alhali kuwa litarsa ta kama 1,100, ta na biyun kuma 1,000. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ɗari ɗayan ba abin rainawa ba ce ga ɗan acaɓa ko mai janareto.

Hanya mafi inganci, a ganina, ita ce mutum ya mallaki nasa ma'aunin. Ka nemi farar roba wadda ake hango abin da ke cikinta, ka ɗauki babbar robar ruwan sha mai lita ɗaya da rabi, ka riƙa zuba ruwa daidai inda kamfani ke cika ta kana yin alama da fenti a jikin galan ɗin: zubi biyu lita 3, zubi uku lita 4 da rabi. Sai ka zubar da ruwan, ka kife robar a rana har ta bushe ƙarau, domin ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya sa babur ya riƙa shaƙewa.

Idan da robar mai sayarwa za a auna, ɗaga ta ka dubi gindinta da gefenta. Wadda ta lotsa ciki tana cika har wuya, amma cikinta ya ragu. Kada kuma ka yarda a juye a tanki kafin ka ga inda man ya tsaya, kuma ka tabbata akwai ƙyallen tacewa a bakin mazurarin.

Awo yana iya cika amma man ya zama mai algus. Ɗiga shi kaɗan a farar takarda: fetur zalla yana bushewa nan take ba tare da ya bar tabo ba, wanda aka gauraya da kananzir ko dizal kuwa yana barin maiƙo. Ruwa kuma, da yake ya fi fetur nauyi, a ƙasan kwalba yake kwantawa, don haka a nan za ka duba.

Mai sayen jarka kuwa ya lura cewa akwai ta lita 20 akwai ta 25, kuma kada ya cika ta maƙil, saboda zafin rana irin na watan Afrilu yana kumbura fetur har ya riƙa tsiyaya ta murfi.