Yadda Ake Warware Babbar Lamba Zuwa Lambobin Firam

Lambar firam ita ce wadda ta wuce 1 kuma ba ta rabuwa daidai sai da 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. Duk wata lamba da ta wuce 1, in ba firam ba ce, to ninkin waɗannan ne, kuma hanya ɗaya tak take warwaruwa. Bari mu gwada da 24,920,280.

Kada tsawonta ya tsorata ka. Fara duba wutsiyarta. Ta ƙare da sifiri, ke nan 10 na raba ta, wato 2 da 5. Saura 2,492,028. Wannan cika ce, ba mara ba, sai ka raba biyu: 1,246,014. Ka sake: 623,007. Yanzu ta zama mara, 2 ta gama aikinta bayan ta shiga sau uku.

Mataki na gaba, tara alƙalumanta: 6+2+3+0+0+7 ya ba da 18. Idan jimillar ta rabu da 3, lambar ma za ta rabu. Idan ta rabu da 9, haka nan. To 18 na rabuwa da 9, sai mu cire 3 biyu a tashi ɗaya, ya rage 69,223.

Ga 11 akwai dabara mai daɗi. Ɗauki alƙaluman daga dama, kana ɗebewa kana tarawa bi da bi: 3−2+2−9+6. Amsa sifiri ce, saboda haka 11 ta shiga, saura 6,293. Ita kuwa 7, a ganina rabawar kai tsaye ta fi duk dabarun da ake haddacewa sauri. 6,293 raba 7 ya ba da 899.

A nan ne aikin gaske yake, domin 899 ba ta nuna komai a fuska. Mutane da yawa sukan gwada biyu ko uku su ce ai firam ce, wasu kuma su yi ta gwaji babu iyaka. Duka kuskure ne. Iyakar tana nan: nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai ko ta wuce wadda ke hannunka. 30 sau 30 shi ne 900, don haka idan 899 tana da mai raba ta, dole ɗaya ya kasance ƙasa da 30. Gwada 13, ragowa 2. Gwada 17, ragowa 15. Ga 19 ragowa 6, ga 23 ragowa 2. Sai 29 ta shiga cif: 29 sau 31.

Akwai gajeriyar hanya da Pierre de Fermat, masanin lissafi na Faransa a ƙarni na 17, ya bari. 899 ai 900 ne ba ɗaya, wato 30×30 a ɗebe 1×1, wanda daidai yake da (30−1) sau (30+1). Tana aiki nan da nan idan masu rabawar biyu suna kusa da juna.

Ga sakamakon: 2×2×2×3×3×5×7×11×29×31. Lallai ka sake ninka su ka tabbatar ka dawo kan 24,920,280.

Daga nan sauran halayen lambar ke fitowa. Kana son sanin lambobi nawa ke raba ta? Ƙara 1 a kan yawan fitowar kowace firam, ka ninka: 4×3×2×2×2×2×2. Lambobi 384 ke nan.

Lambar da ba ta da ƙananan masu rabawa ita ce mai ba da wahala. Fermat kansa ya ɗauka 4,294,967,297 firam ce, sai a 1732 wani masanin lissafi, Leonhard Euler, ya nuna 641 sau 6,700,417 ce. Wannan wahalar ce tsarin tsaro na RSA, wanda aka fito da shi a 1977, ya dogara da ita wajen kare bayanai a intanet. Wata lamba mai alƙaluma 250 da aka fitar don gwada ƙarfinsa, sai a 2020 aka iya warware ta, da taron dangin kwamfutoci masu yawa.