Yadda ake raba gardamar wahalar gem ba tare da an tashi baram-baram ba

A shagunan gem na Gombe, daga Jekadafari har Tudun Wada, ƙwallo ce ke da kasuwa, amma ranar da aka saka Elden Ring sai gardama ta kaure. Wannan ya ce wasan zalunci ne, wancan ya ce "hannunka ne bai faɗa ba, abokina." Ana iya raba su idan aka bi abin daki-daki.

Da farko a tsayar da magana wuri guda. "Wasan ya yi wuya" ba hujja ba ce. A zaɓi dodo ɗaya, a ce Margit mai tsaron hanyar fadar Stormveil, a yi ta kansa shi kaɗai.

Sannan a duba kayan aiki kafin a zagi FromSoftware, kamfanin da ya ƙirƙiro wasan. Fad ɗin shago (abin da ake riƙewa a buga gem) da sandarsa ta saki, ko talabijin mai jinkirta hoto, sun isa su kashe gwani. A leƙa nauyin sulke da makaman ɗan wasan: idan ya haura kashi 70 cikin ɗari na abin da zai iya ɗauka, mirginawarsa za ta yi nauyi. Wani kuma duk ya zuba makinsa a ƙarfin sara ya bar jini kaɗan, bugu biyu ya faɗi, ya dawo yana kuka da wasa.

Yanzu sai babban gwajin. A miƙa wa mai ƙorafin fad, sauran su zuba ido, duk lokacin da ya mutu a tambaye shi abu ɗaya: ka ga saran yana zuwa? Margit yakan ɗaga sandarsa ya riƙe ta a sama kamar ya fasa, kai kuma ka yi gaggawar mirginawa, kana miƙewa ta sauka a kanka. Mirginawa na ba da ɗan taƙin lokacin da makami ba ya taɓa ka, don haka sau da yawa gara ka mirgina cikin saran da ka guje masa. Wannan wahala ce mai adalci, tunda ido ya gani, gobe hannu zai gyara. Malenia fa, wata babbar abokiyar gaba da ke can gaba a wasan, daban take. Duk saran da ta same ka da shi jininta ƙaruwa yake, ko da a garkuwa ka tare. A nan ni ina bayan mai ƙorafi, domin an hukunta wanda ya kare kansa. Kada kuma wani ya ce waɗanda suka ƙirƙiro wasan ba sa kuskure: su da kansu suka sassauta dodon ƙarshe na Shadow of the Erdtree, ƙarin da aka yi wa Elden Ring, a watan Satumban 2024, wata uku bayan fitowarsa.

Idan an kawo kwatance da wasan The Witcher 3 na 2015, a tuna shi yana da matakan wahala huɗu, kuma mafi yawan abin da mataki na sama ke yi shi ne ƙara wa abokan gaba jini da zafin bugu. Elden Ring ba shi da wannan zaɓi. Nasa sauƙin a ciki yake: ka kira ruhohin taimako, ko ka bar Margit ka gangara kudu ka ƙara ƙarfi ka dawo. Saboda haka a yanke tun kafin a fara ko an yarda da kiran ruhohi, kada a ci dodo a ce "ai da taimako ka ci."

A kuma tambayi kowa inda yake bugawa. Mai na'ura a ɗakinsa zai iya mutuwa sau hamsin yana dariya. Wanda ya biya kuɗin awa guda, mai shago na tsaye a kansa yana duban agogo, in ya ce Margit ya yi tsauri a saurare shi.