Yadda ake ɗora wa keke inji da saita shi don zirga-zirga ko tsere

Injin keke da ake sayarwa cikin kwali ɗaya tare da tanki da salansa da sarƙa, kusan duk daga ƙasar Sin yake fitowa. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 80cc, amma faɗin silindarsa milimita 47 ne, tafiyar fistin kuma milimita 38 ko 40, don haka girmansa na gaskiya 66cc ne ko 69cc. Ƙaraminsa mai faɗin milimita 40 shi ne 48cc. Inji ne mai bugu biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da mai, kuma ƙarfinsa bai wuce na doki biyu zuwa uku ba. Wannan ƙarfi kaɗan ne ga babur, amma ya yi wa keke yawa, domin an ƙera keke ne a kan ƙarfin ƙafar mutum. Shi ya sa yawancin matsalar da ake samu daga keken take tasowa. Wanda ya fara da neman gudu kafin ya gyara ƙafa da birki da zaman sarƙa, kuɗinsa zai ƙare a wajen gyara.

Keken da zai iya ɗauka

Nemi firam na ƙarfe mai kusurwa uku a tsakiya, irin na keken maza. Bututunsa ya kasance mai kaurin milimita 25 zuwa 29, sannan tsakanin gindin feda da sandar sama a samu sarari na santimita 23 zuwa 28. Firam na alminiyam yana tsagewa da girgiza ba tare da ya nuna alama ba, kuma ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba. Kada ka huda firam don ɗaura inji, domin daga bakin hudar tsaga take farawa.

Tsohon keke mai wili 28 irin na kai kaya kasuwa yana da firam mai ƙwari, amma birkinsa na sanda ba zai tsayar da kai a gudun kilomita 40 ba, balle idan ruwa ya jiƙa wilin. Idan shi za ka yi amfani da shi, canza birkin gaba tukuna. Birkin faifai ya fi, kuma na gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Sifok na keken yau da kullum kaurinsa milimita 2 ne. A ƙafar baya sa mai kaurin milimita 2.6. Madigad na gaba kuwa, ko ka ƙara masa maɗauri mai kauri ko ka cire shi gaba ɗaya: girgiza tana karya siririn ƙarfen da ke riƙe shi, ya faɗa kan taya ya kulle ta, mahayi ya tafi ta kai.

Ƙafar baya da sarƙa

Da nan ake farawa, kuma nan ne ya fi cin lokaci. Faifan sarƙa na kwalin yana da haƙora 44, ana ɗaura shi a gefen hagu da roba biyu da noti tara waɗanda ke matse sifok a tsakaninsu. Ɗaura notocin da hannu duka, sannan ka riƙa matse su kaɗan-kaɗan, wannan da na gabansa a tsallake, kana juya ƙafar. Ɗaure ɗan guntun waya a firam bakinsa na kusan taɓa haƙoran, ka duba abu biyu: kada faifan ya riƙa karkata hagu da dama, kada kuma ya riƙa hawa da sauka. In karkatar ta wuce milimita ɗaya, kwance ka sake. Faifan da bai zauna a tsakiya ba yana sa sarƙa ta yi tauri a wani wuri ta saki a wani, da haka take fizgar sifok har su fara karyewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da hali ya sayi maɗaurin da ke kama hob kai tsaye, ya huta da robar nan.

Sarƙar lamba 415 ce. Ɗora doguwar rula a jikin faifan baya ka ga ko ta miƙe daidai da ƙaramin faifan inji mai haƙora 10. Rage tsawon sarƙar yadda za ta rage lilo na santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a inda ta fi tauri. Makullin sarƙa, rufaffen bakinsa ne zai fuskanci inda sarƙar ke tafiya.

Sai ɗan gare mai tayar da sarƙa. A duk kayan kwalin babu abin da ya kai shi haɗari, saboda noti ne kawai ke riƙe shi a siririn bututu, kuma sarƙa tana jan sa zuwa ciki. Ranar da ya juya ya shiga sifok, ƙafar baya za ta kulle nan take. A sa mai walda ya yi masa gada daga bututun ƙasa zuwa na sama, ko a sayi irin wanda ake ɗaurawa a jikin inji. In tsawon sarƙa ya yi daidai ba tare da shi ba, a bar shi a kwali.

Zaunar da inji

Kafin ka ɗora, buɗe kan silinda ka leƙa. Ba abin mamaki ba ne a tarar da ɓurɓushin ƙarfe daga masana'anta. Wanke shi da fetur, ka shafa wa bangon silinda ɗan mai. Kusoshin maɗauri da suka zo da injin masu laushi ne, musanya su da masu lambar ƙarfi 8.8, ka sa musu gam ɗin noti.

Maɗaurin baya ne ke ɗaukar jan sarƙa, don haka shi ake fara zaunarwa ya kwanta sosai a jikin bututun sirdi, sannan a daidaita na gaba da faranti ko ƙarfe mai lanƙwasa. Mutane da yawa suna cusa guntun tif tsakanin inji da firam wai don rage girgiza. Kada ka yi. Robar tana barin inji ya riƙa motsi, motsin kuma shi ke karya kusoshi ya karkatar da sarƙa. Kafireta ta zauna kusan a miƙe, in ba haka ba mai zai riƙa ambaliya ko ya yanke.

Haɗin waya ba wuya: shuɗiya daga inji zuwa shuɗiyar akwatin wuta, baƙa zuwa baƙa, maɓallin kashewa kuma a tsakaninsu. Farar wayar a naɗe bakinta a ajiye. Ɗora mata fitila yana raunana wutar fulogi. Fulogin kwalin a maye shi da NGK B6HS, a bar tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Wayar kuloci a bar mata ɗan sako-sako na milimita biyu ko uku. A buɗe murfin dama a sa giris kamar ƙwayar wake a haƙoran giya, kada ya fi haka, domin in ya kai ga kuloci zai riƙa zamewa.

Mai da tashin farko

Takardar kwalin takan ce a fara da 16:1, wato mililita 62 na mai a litar fetur. Da man 2T mai kyau, wato man inji mai bugu biyu, wannan ya yi yawa, sai hayaƙi da jiƙa fulogi da toshe salansa. Mililita 40 a lita, wato 25:1, ya isa ga sabon inji. Bayan tanki uku ko huɗu a koma mililita 31, wato 32:1. A auna da sirinji, a gauraya a galan kafin a zuba. Baƙin man mota ba a yi shi don ƙonewa ba, yana tara gawayi a kan fistin har ringi su maƙale. In fetur ɗin kwalba za ka saya a bakin hanya, sa matata a tiyo, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa toshe jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta.

Buɗe famfon tanki, ɗaga cok, riƙe kuloci, taka feda har gudunka ya kai kamar kilomita 10 a awa, sannan ka saki kuloci kana ci gaba da takawa. Da ya kama, sauke cok. A tankunan farko kada ka riƙe totur a ƙarshe na tsawon lokaci, riƙa sauya gudu. Duk bayan tafiya, idan inji ya huce, bi notocin kan silinda a tsallake. Masu milimita 8 suna son matsi kamar 16 Nm a ma'aunin ɗaurin noti. Baƙin mai da ke tsatsowa a gindin kan silinda alama ce ta sun saki.

Saitin kafireta

Kafin ka taɓa jet, tabbatar iska ba ta shiga ta ɓarauniyar hanya. In ka saki totur inji ya daɗe yana ihu kafin ya sauko sulo, duba bakin kafireta da gaskit ɗinsa, sannan sil, wato robar da ke hana iska shiga, da ke bayan maganaɗisu a gefen hagu. Injin da ke shan iska ta gefe ba ya karɓar saiti, kuma shi ne ke bugawa.

Allurar kafireta ce ke mulkin tsakiyar totur, jet kuma daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe. In ka matsar da ɗan makullin allura zuwa tsagar sama, allura ta sauka, mai ya ragu. In ka saukar da shi, mai ya ƙaru. Jet na asali yawanci lamba 70 ne, kuma ya fi yawa ga mafi yawan injinan. Za ka gane haka idan a ƙarshen totur inji yana ɓarɓar yana tsallake bugu, fulogi kuma ya fito baƙi. Sauko da lamba biyu-biyu, 68, sannan 66, kana gwadawa a hanya ɗaya. Bayan ka ja da cikakken totur, kashe inji tare da riƙe kuloci, ka cire fulogi: launin ƙasa-ƙasa ake nema. In ya fito fari, ko inji yana yankewa idan ka murɗa, ka wuce gona da iri, koma sama nan da nan.

Yanayi ma yana canza saiti. Iska mai zafi da iskar tudu ba su da nauyi, don haka jet da ya yi daidai a Kano zai iya yin yawa a Jos, wadda ke sama da mita 1,200. Saitin da aka yi da zafin watan Afrilu kuma zai yi ƙarancin mai da sanyin asubar hunturu. Ga keken zuwa aiki, gara ka bar shi da ɗan rinjayen mai. Ƙurar hunturu tana cin ringi da bangon silinda, saboda haka wanke soson matatar iska kowane mako, ka ɗiga masa mai ka matse.

Yawan haƙora

A cikin inji akwai ragin 4.1, wato sai inji ya juya sau 4.1 ƙaramin faifansa ke juyawa sau ɗaya. Da faifai mai haƙora 44, jimillar ragi ta kai 18, wato a juyi 6,000 a minti keke mai wili 26 zai yi kusan kilomita 41 a awa. Da mai 36 zai kai kusan 50, amma tashi zai yi nauyi, kuma hawa zai buƙaci feda. Mai nauyin jiki ko mai ɗaukar kaya ya tsaya a 44 ko ya hau 48. A shimfiɗaɗɗiyar hanya 40 ya fi daɗi, domin inji yana tafiya ba tare da girgizar da ke kashe hannu ba. A ƙasashe da dama abin da ya haura 50cc babur ne a idon doka, don haka bincika batun lamba da lasisi a inda kake.

Idan tsere ne

A Amurka masu wannan sha'awa a rufaffun filayen tseren ƙananan motoci suke yi, da hular kwano mai rufe haɓa da safar hannu da kariyar gwiwa. Titin da jama'a ke bi ba wurinsa ba ne.

Salansa mai tumbi ita ce ta fi ƙara ƙarfi, domin tana mayar da cakuɗen da ya tsere cikin silinda a daidai wani juyi. Da ka sa ta, ƙara girman jet kafin ka gwada. Na biyu shi ne tazarar fistin da kan silinda: zura lanƙwasasshiyar wayar dalma ta ramin fulogi har gefen silinda, juya inji ya matse ta, ka auna. Milimita 0.7 zuwa 0.9 ake so. Ƙasa da haka fistin zai iya taɓa kai idan juyi ya yi sama. Idan aka rage tazarar, matsi ya ƙaru, zafi ya ƙaru, sai a koma fulogi B7HS. Bawul mai harshe, wanda ake sawa tsakanin kafireta da silinda don hana cakuɗe komawa baya, ba ya aiki sosai sai da fistin mai taga, wato mai huda a gefensa.

Fafe ƙofar hayaƙi ta jikin silinda a yi shi da rabin milimita a kowane karo, a goge bakin da kyau don kada ringi ya kama, a kuma lura da rufin kurom na bangon silinda, wanda yake ɓarewa. Canji ɗaya ake yi a gwada kafin na gaba. Faifan baya kuma filin ne ke zaɓensa: wanda zai sa inji ya kai ƙarshen juyinsa daidai ƙarshen miƙaƙƙen layi mafi tsawo. A fili mai yawan kwana, mai haƙora 44 yakan riga mai 36 fita daga kowace kwana. Injin da aka yi wa wannan aiki yana cin ringi da boris ɗin fistin da sauri, don haka a buɗe shi a duba bayan kowace ranar tsere, a kuma sa sabon makullin fil duk lokacin da aka cire fistin.