Yadda ake daina numfashi ta baki

Duk wanda na gani yana ƙoƙarin barin numfashi ta baki, da bakin yake farawa. Ya datse leɓe, bayan minti biyu ya sake hangame shi. Yaro kuwa sai a yi ta yi masa tsawa, "rufe bakinka, kamar wani gaɓo!" alhali hancinsa ne a toshe. Hanci ke tace ƙura, ya ɗumama iska, ya jiƙa ta. Baki ba ya yin waɗannan kamar yadda hanci ke yi, shi ya sa ake kwana ana munshari, a tashi da busasshen maƙogwaro da warin baki. Miyau na ƙafewa kuwa, haƙora sun shiga uku.

To, buɗe hancin tukuna. Tafasa ruwa, bar shi ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya. Rabi na ce. Nan na taɓa kuskurewa, na ɗauka yawan gishirin ne maganin, na zuba cokali cike, na wuni hancina na raɗaɗi. Kuma kada ka yi da ruwan rijiya ko na famfo da ba a tafasa ba. Sayi babban sirinji a kemis, ba tsada, a cire allurar. Sunkuya, karkata kai gefe, tura ruwan a hankali ta ƙofar hanci ɗaya ya fito ta ɗayar, sannan ka fyace ba da ƙarfi ba. Safe da dare, musamman da hunturu.

Maganin feshi irin su Otrivin yana buɗe hanci nan take, amma kada ya wuce mako guda. In ka zarce, hancin ƙara toshewa yake yi da zarar ka daina.

Sai hanci ya buɗe za ka koma kan baki: harshe a manne da ganɗa, leɓe a haɗe, kwanciya a gefe maimakon rigingine. Manna salatif a baki da dare da ake yayi a TikTok, ni ban yarda da shi ba.

Yaron da ke munshari kullum, ko numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, galibi wani nama ne ya kumbura a bayan hancinsa. Cire beli wajen wanzami ba ya taɓa wannan naman. A kai shi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro.