Yadda ake riƙe lissafin kwanson harsashi idan kana ɗurawa da kanka

Wannan bayanin na masu ɗura harsashi da kansu ne, wato waɗanda ke zuwa filin harbi ko farauta a ƙasashen da doka ta yarda, kamar nan Amurka, su kwashe kwanson da suka harba su je gida su sake ɗura shi. A Najeriya dokar makamai ta hana mutum haɗa harsashi a gida, don haka zancen bai shafi can ba. Kuma ba zan taɓa maganar awon albarushi ba, wannan yana cikin littattafan ɗuri na kamfanoni irin su Hornady da Lyman, can kaɗai ya kamata ka ɗauko shi. Abin da ya dame ni shi ne sabbin shiga da nake gani, mutum ya kashe ɗaruruwan daloli a sikeli da injin matsi, yana auna albarushi ƙwaya ƙwaya, amma ka ɗauki kwanso ɗaya daga akwatinsa ka ce wannan sau nawa aka harba shi, sai ya ce maka zai kai uku ko huɗu. Wlh wannan "zai kai" ɗin ita ce matsalar.

Kwanso tagulla ne, kashi 70 jan ƙarfe kashi 30 tutiya. Duk harbi yana buɗewa ya manne da bangon bindiga ya ɗan miƙe, duk matsi a dayi, wato ƙarfen da ake matsa kwanso a cikinsa don ya dawo girmansa, yana komawa, kamar waya ce da kake lanƙwasawa gaba da baya, tana ƙara tauri har ta karye. Mutuwarsa iri uku ce: wuya ya tsage, ko ramin furaima (ɗan maɓallin nan na gindi da ke kunna albarushi) ya saki, ko gindi ya rabu da jiki. Tsagewar wuya asara ce kawai. Rabuwar gindi kuwa iska mai zafi ce za ta dawo ta bayan bindiga inda fuskarka take, kuma harsashi samfurin .308 Winchester matsin iskarsa yana iya kaiwa psi 62,000 (wato fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci) a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka. Toh shi yasa ake lissafi.

Fara da rukuni. Kar ka ce za ka bi kwanso ɗaya ɗaya, na ga masu goga tsaga a bakin gindi da magagari duk harbi, aiki ne na wahala kuma kana raunata abin da kake so ya daɗe. Ware 50 ko 100, kamfani ɗaya, saye ɗaya, bindiga ɗaya. Duba tambarin gindi, Lapua da Lapua, Winchester da Winchester, na soja mai LC wato masana'antar Lake City shi ma daban kuma ka haɗa masu shekara ɗaya don shekarar tana rubuce a jiki. In kana da bindiga biyu masu cin .308 kowacce da nata rukunin, kar su yi musanya, saboda cikin kowace bindiga da yadda aka yanka shi. Sai ka sa wa rukunin suna gajere, 308-A, 308-B, haka. Akwatin roba na MTM mai rami 50 ko 100 shi na fi so, ba shi da tsada, kuma in kuɗi ya yi kaɗan leda mai zif ma ta isa, amma akwatin ya fi don kana buɗewa ka ga ramin da babu kowa ka san ɗaya ya ɓace.

Sai kati. Ɗan kwali ne da zai zauna cikin akwatin, ba littafi a kan tebur ba, ba waya ba. Masu son Excel su yi abinsu amma a matsayin kwafi na biyu, domin ranar da hannunka ya yi dumu dumu da man matsi ba za ka buɗe kwamfuta ba, za ka ce anjima, anjima kuma ba ta zuwa. A katin rubuta sunan rukuni, kamfani, ranar da ka saya, sabo ne ko an taɓa harbawa, nawa ne a farko. Ƙasa ka ja layi huɗu: harbi, datsa (aske bakin kwanso in ya yi tsawo), gashin wuya (gasa wuyan kwanso da wuta don ya yi laushi), waɗanda aka zubar da dalilin zubarwa. Harsashin kanti da ka harba ka ajiye kwansonsa ya riga ya ci ɗaya, rubuta 1, kar ka fara da sifili.

Dokata a nan ita ce ba a sake ɗura ko ɗaya sai an harbe rukunin duka. Ka ɗura 100 ka je fili ka harba 60, toh waɗannan 60 ɗin su koma raminsu a kife, wuya ƙasa, su jira 'yan uwansu 40. Na san da wuya, ga injin a gabanka ga kwanso babu komai ciki hannu yana ƙaiƙayi, amma da ka ɗura su ka raba rukunin gida biyu ke nan, wasu a 3 wasu a 4, kuma nan da wata biyu ba za ka iya bambance su ba. Shi yasa nake cewa a riƙe rukuni biyu aƙalla, ɗaya yana harbuwa ɗaya yana kan tebur. Ana ja layin harbi a kati lokacin da na ƙarshe ya fita daga bindiga, a can filin, da biro a aljihun jaka.

Yanzu ga inda kusan kowa yake faɗuwa, wajen wanki. Mutum zai kiyaye komai tsaf, akwati daban kati daban, sai ya dawo gida da rukuni uku a gajiye, ya kalli injin wanki ya ga ai zai ɗauki 300 a zubi ɗaya, me zai sa ya kunna sau uku, wuta ma kuɗi ce. Sai ya juye duka. Bayan awa biyu ko uku su fito suna sheƙi, dukkansu iri ɗaya, wanda aka harba sau 2 da wanda aka harba sau 9 babu mai raba su, kuma idan duk tambarin Hornady ne a gindi shi ke nan lissafin watanni ya tafi. Wasu su ce ai na sa musu alama da maka, wato alƙalamin tawada, ja da shuɗi. Maka ba ta tsallake wanki, musamman wankin ruwa da ƙananan alluran ƙarfe, tas take fita, ko wankin busasshe da garin totuwar masara ma yana cinye yawancinta. Maka amfaninta a fili ne, ka ja layi a gindi bayan ka gama ɗuri don in kwansonka ya faɗi cikin na maƙwabcinka ka gane naka, kuma sai ka sake ja duk zagaye.

Saboda haka rukuni ɗaya a injin wanki a lokaci ɗaya, kuma katin ya bi su. Ka manna shi a murfin injin da salatif, in sun fito shanya katin ya koma kan tiren shanya, in sun hau teburin matsi katin yana gefe. Rukuni biyu kar su taɓa zama a buɗe kan tebur ɗaya. Kafin ka zuba na gaba ka tona cikin injin da hannu ka ƙirga abin da ya fito, domin sau da yawa ɗaya ko biyu na maƙalewa a ƙasa su shige cikin rukunin da ke biye, kuma wannan tsohon guda ɗaya da ya shiga cikin sababbi shi ne zai rabu ranar da ba ka zata ba. Idan dole sai ka haɗa don tsimin lokaci, haɗa masu tambari daban, Lapua da Federal misali, sai ka tsince bayan wanki. Kar ka haɗa masu faɗin baki daban, .223 yana shigewa cikin .45 ya cije, 9mm yana shigewa cikin .40, ka zauna kana ɓamɓarewa.

In kuma an riga an cakuɗa, kar ka raba tsakiya. Duka su ɗauki lamba mafi girma, 2 da 9 sun haɗu kowa ya zama 9. Akwai ciwo, musamman in Lapua ne da kowanne ya haura dala ɗaya, amma babu wata hanya. Kwanson da ka tsinta a ƙasa a filin harbi kuwa bokitinsa daban, rubuta masa alamar tambaya, ba ka san wanda ya yar ba, watakila mai ɗuri ne ya bar shi don ya san ya ƙare. Na ƙarfe da na alminiyam da masu rami biyu a ciki irin Berdan a zubar tun wajen tsinta.

Layin datsa ma yana magana. Duk bayan matsi ka auna tsawo da kalifa, wato ma'aunin tsawo mai baki biyu, .308 iyakarsa inci 2.015 a datse zuwa 2.005, .223 iyakarsa 1.760 a datse zuwa 1.750. Tagullar da kake askewa a wuya daga wajen gindi ta taho, can ne yake sirancewa. Ni in rukuni ya nemi datsa ta biyar na sallame shi. In kuma kati ya nuna kana datsa kusan duk harbi, matsalar dayinka ce, kana danna kafaɗar kwanso baya da yawa, bindiga mai sakata da ake ja da hannu danna inci 0.002 ya ishe ta, mai ɗura kanta 0.003 zuwa 0.004.

Kowane zagaye ka miƙe kilif ɗin takarda, ka lanƙwasa bakinsa kaɗan ka wasa, ka zura cikin kwanso ka ja a bango daga gindi zuwa sama. In ka ji ya faɗa wani kwari kusa da gindi, ko ka ga zobe mai haske a waje a wurin, ya fara rabuwa. Furaima in ta shige ba tare da ka ji tauri a hannu ba ramin ya saki. Rubuta kowanne a layin zubarwa da lambar harbin da ya faru. Gashin wuya yana hana tsagewa amma ba ya dawo da gindin da ya sirance, kar ka mayar da lissafi sifili don ka gasa.

Sau nawa ne iyaka, babu lamba ɗaya. A bindiga mai ɗura kanta irin M1 Garand ko M1A ban wuce 4, tana fizgar kwanso tun da zafinsa. Mai sakata da matsi mai sauƙi tana kai mutum 10 har fiye. .303 British a bindigar Lee-Enfield da masu ɗamara a gindi irin .300 Winchester Magnum ka sa musu ido tun daga na uku. Na ƙaramar bindiga irin .45 ACP yawanci ɓacewa yake kafin ya tsufa. Da na ga zobe a guda biyu ko uku cikin rukuni, duka suke tafiya, tunda tare suka sha wahala. Ka matse bakin kowanne da filaya don kar wani ya tsinta ya ɗura, ka tara a bokiti, masu sayen tsohon ƙarfe suna biya a kan awo, sai ka ajiye tsohon katin don ka san inda za ka fara sa ido a rukunin gaba na kamfanin nan a bindigar nan.