Koren wake ba masara ba ne, ku daina zuba masa yuriya

'Yan uwa na Aboabo da Asawase a Kumasi da ke da gona a wajen Ejura ko Atebubu, da yawa sun fara gwada koren waken nan da ake ce wa mungbin, saboda cikin kwana 60 zuwa 75 ya nuna, ruwan Satumba zuwa Nuwamba ma ya ishe shi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake kashe kuɗi a kan taki, a ƙarshe ribar ta tafi a buhun fatalaiza.

Babban kuskure, mutum ya saba da masara sai ya ɗauko takin yuriya ko salfa ya watsa wa wake. Gona ta yi kore shar, ganye ya rufe ƙasa, maigida yana murna, amma ranar tsinka sai ka ga 'ya'ya kaɗan ne. Shi wake yana samar wa kansa naitirojin, wato sinadarin da yuriya ke ba shuka, ta ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, in ka cika masa na buhu sai ƙullen su daina aiki, ka biya kuɗi ka kashe abin da Allah ya ba ka kyauta. In ƙasar ta gaji sosai, ɗan NPK 15-15-15 lokacin shuka ya wadatar don ya tashi, bayan nan ka bar shi. In kana so ka tabbatar, bayan sati huɗu ka tuge guda ɗaya a hankali ka fasa ƙullen, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki.

Abin da yake nema da gaske fosfaras ne, shi ne kuma mutanenmu ba sa saya. Takin fosfaras da ake kira TSP, rabin buhu zuwa buhu ɗaya a eka gwargwadon ƙasarka, kuma ranar shuka ake sa shi, a binne a gefen layi kada ya taɓa iri. Wasu sai wake ya yi fure sannan su watsa shi a sama, wallahi asara ce, fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa, inda ka ajiye shi nan yake zama, saiwa ba za ta same shi ba. Sannan ƙasar dajin nan ta kewayen Kumasi tana da tsami, tana riƙe fosfaras ta hana shuka. Ga ma'aikatar binciken ƙasa a Kwadaso, ka ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na gonar ka kai su gwada, shi ya fi ka yi ta sayen taki a makance.

Kashin kaji akwai shi a yalwace a nan, yana da kyau, amma ɗanye yana ƙona iri, a bari ya ruɓe tukuna. Maganin saiwa da ake gauraya wa iri don ƙullen nan su fito ma, kada ka karɓi na waken soya, ka tambayi malamin gona wanda ya dace, ka gauraya a inuwa ka shuka ranar, rana tana kashe shi. Gonar da ruwa ke kwanciya kuwa kada ma ka fara, sai dai in ka ɗaga kunyar shuka mai tsayi.

Sai maganar riba, nan ne nake ganin an fi faɗawa. Koren wake ba kamar farin wakenmu na waakye ba ne da za ka kai kasuwar Kejetia ko'ina ka samu mai auna olonka. Masu sayensa sun fi yawa cikin Indiyawa da 'yan Sin da manyan kantuna, musamman a Ankara, babban birnin Ghana, don haka ka nemi mai saye ku yi maganar farashi kafin ka sa iri a ƙasa. Ka rubuta komai, iri, taki, kuɗin lebura, kuɗin mota. Leburan tsinka ne ake mantawa, alhali ba ya nuna lokaci guda, sau biyu ko uku ake shiga, in ka yi jinkiri kwanson ya fashe ya zube. Bayan sussuka a shanya ya bushe ƙarau a zuba a buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga, in ba haka ba ƙwari su huda shi mai saye ya karya farashi. Saiwa da ganyen kuma kada a sa musu wuta, a bar su a gonar, masarar da za ta biyo baya ta amfana.