Yadda ake buga littafin zane kwafi ɗaya tak

Masu zane sun sha tambayar yadda za su buga littafin gwaji ba tare da biyan kuɗin ɗaruruwan kwafi ba. Kamfanin Lulu, mai buga littattafai da ake yin oda ta intanet, yana buga ko da guda ɗaya ne.

1. Ku zaɓi girman littafin kafin komai.
2. Ku ɗauki hoton kowane zane a kan 300 dpi (wato ɗigo 300 a kowane inci, ma'aunin kaifin hoto).
3. Ku bar rarar milimita 3 a gefen hoton da zai cika shafi. Hattara: wuƙar injin yanka takarda takan kauce kaɗan, sai farin layi ya bayyana a bakin takarda.
4. Ku haɗa shafukan cikin PDF guda.
5. Ku shirya bango daban.
6. Ku ɗora su a shafin intanet na kamfanin.
7. Ku sayi kwafi ɗaya ku duba, domin launi yakan fi duhu a takarda.
8. Ku sauya zane guda kafin kowane sabon bugu, idan kuna son kowane kwafi ya bambanta.